Gigabait 47 a kan laftof mai RAM 8: nazarin yadda aka zaɓi manhajar tace bidiyon jirgi maras matuƙi

Lamarin da za a duba a nan na wani sabon shiga ne wanda ya iya tuƙa jirgi maras matuƙi amma bai taɓa tace bidiyo ba. Jirginsa DJI Mini 4 Pro ne, wanda ya fito a 2023, nauyinsa bai kai giram 249 ba. An ba shi aikin ɗaukar wani gini da ake kan yi, kuma za a riƙa maimaita ɗaukar duk wata har a gama. Mai ginin na son abu biyu: bidiyo na minti biyu da rabi a kwance, wanda zai kalla a kwamfuta ya kuma nuna wa abokan hulɗarsa, sai wani na daƙiƙa 45 a tsaye domin waya. A kan kowanne za a rubuta watan da aka ɗauka da sunan sashen ginin.

Ya tashi jirgin sau uku, ya dawo da ɗanyen bidiyo na minti 48 cikin fayil 31, jimilla gigabait 47. Duk ya ɗauke su a 4K, firam 60 a daƙiƙa (wato hotuna 60 a jere duk daƙiƙa), da tsarin launin da ake kira D-Log M, saboda ya ji an ce shi ne na ƙwararru. Kwamfutarsa laftof ce mai Windows 11, furosesa Intel Core i5 zubi na takwas, RAM gigabait 8, babu katin girafik na daban sai UHD 620 da ke cikin furosesar. Ma'ajiyarta SSD ce mai gigabait 256, kuma 70 kaɗai suka rage. Da ya kwafe fayilolin sai saura 23.

Tambayar da ya zo da ita ita ce wace manhaja ta fi sauƙi. Amsar ba ta yiwuwa sai an fara sanin irin fayil ɗin da ke hannu, domin manhajar da ke tafiya sumul da bidiyon waya tana iya durƙushewa a gaban wannan.

Abin da ke cikin fayil ɗin

Firam ɗaya na 4K fiksel 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato sama da miliyan takwas. Wannan ninki huɗu ne na 1080p. A firam 60, kwamfuta za ta zana irin wannan hoton sau sittin duk daƙiƙa. Jirgin na iya rubuta har megabit 150 a daƙiƙa, wanda ya kai kimanin gigabait ɗaya a minti, shi ya sa minti 48 suka cinye 47.

Girman ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar tana wajen yadda aka matse bidiyon. A wannan jirgin, da zarar an zaɓi D-Log M ko HLG (wani tsarin launin), fayil ɗin zai fito ne a tsarin H.265 mai bit 10. H.265 ba ya ajiye kowane firam cikakke. Yana ajiye cikakke ɗaya, sannan firam masu yawa da ke biye da shi sai ya rubuta bambancin da ke tsakaninsu kawai. Idan kallo ake yi daga farko zuwa ƙarshe, wannan ba damuwa. Amma mai tacewa ba haka yake aiki ba: yana tsalle zuwa tsakiya, ya ja baya, ya yanka, ya sake komawa. Duk lokacin da ya ɗora alama a kan wani firam, dole kwamfuta ta koma cikakken firam na baya ta lissafo duk na tsakani kafin ta nuna masa inda yake. Bidiyon sama kuma ya fi na ƙasa wahalar matsewa, domin komai na cikinsa motsi yake yi lokaci guda: ganyen bishiya, tsakuwa, rodi, inuwa, duk suna sauya wuri tun da kyamarar kanta tafiya take yi.

Furosesar Intel daga zubi na bakwai zuwa sama na da wani sashe na musamman da ke warware H.265 mai bit 10 ba tare da ya wahalar da sauran ba. Laftof ɗin nan na da shi. Sai dai ba kowace manhaja ce ke amfani da shi ba, kuma ana iya gani da ido: a buɗe Task Manager, a shiga Performance, a danna GPU, a kalli zanen Video Decode yayin da bidiyo ke tafiya. Idan zanen na motsi, manhajar na amfani da sashen. Idan yana kwance a sifili, furosesa kuma ta haye kashi 100, fanka na kuka, to da ƙarfin tsiya ake warware fayil ɗin.

Sai batun launi. D-Log M na fitowa a dushe, kamar an kalli duniya ta cikin hazo, kuma da gangan aka yi shi haka domin ya riƙe bayanin wurare masu haske da masu duhu. Bit 10 na nufin kowane launi na da mataki 1024, maimakon 256 na bit 8. Kafin mutum ya kalle shi, sai an mayar da shi launin Rec.709 da allon waya da na kwamfuta suka sani, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ɗora masa LUT, wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .cube wanda DJI ke bayarwa kyauta a shafinta. Saboda haka duk manhajar da ba ta karɓar LUT ta fita daga takara tun kafin a fara.

Wani abu da sababbi ba sa lura da shi: jirgin ba ya ɗaukar sauti. Duk kayan gyaran murya da ake tallata manhaja da su ba su da amfani a wannan aikin. Abin da ake buƙata layin kiɗa ɗaya ne wanda za a iya rage shi a ƙarshe.

Daga nan sharuɗɗan suka fito da kansu. Manhajar ta iya buɗe H.265 mai bit 10. Ta iya yin ƙaramin kwafi na wucin gadi, wanda masu sana'ar ke kira furokzi, domin a yi yanka da shi sannan a fitar daga na asali. Ta karɓi LUT. Ta bari a saita yawan firam na aikin da hannu. Ta fitar ba tare da manna tambarinta ba. Kuma, tun da aikin na wata-wata ne, ta kasance abin da aka koya yau zai yi aiki bayan wata shida.

Gwajin da aka yi

Ba a gwada manhaja da bidiyon da ya fi kyau. An zaɓi guntu mafi wahala a cikin fayilolin: minti ɗaya inda jirgin ya bi ƙasa-ƙasa ta kan tulin tsakuwa da bishiyoyi, sannan ya ɗaga kai ya nuna sararin sama. Rabin farko na gwada ƙarfin kwamfuta, rabin ƙarshe na gwada launi, domin a sararin sama ne lalacewar launi ke fara bayyana. A kowace manhaja an shigar da guntun, an kunna, an ja alama gaba da baya da sauri, an ɗora LUT, an rubuta layi ɗaya, an fitar, sannan an kalli sakamakon a waya. Matakin ƙarshen nan shi ne wanda mutane ke tsallakewa, kuma a nan ne tambari ko neman kuɗi ke fitowa bayan an sha wahala.

Clipchamp, wanda ke zuwa tare da Windows 11, bai ɗauki lokaci ba. Kayan launinsa haske ne da bambancin haske da duhu da ƙarfin launi da ɗumi. Da su ana iya rage dushewar D-Log M, amma simintin ginin ya koma wani ruwan ƙasa-ƙasa, kuma babu yadda za a maimaita saitin daidai a wata mai zuwa. iMovie na Apple ne, ba ya shiga Windows, kuma ko a Mac ba ya karɓar LUT. Filmora na da furokzi da LUT, fuskarsa ma na da daɗin koyo, amma na kyauta na manna tambari a kan abin da aka fitar. Mai niyyar biya zai iya duba shi, amma mai jirgin bai shirya biya ba tukuna. Tacewa a waya da DJI Fly, manhajar da ake tuƙa jirgin da ita, ko LightCut ta isa ga bidiyon daƙiƙa 45, amma akwai tarko: abin da ke cikin wayar bayan an sauka sau da yawa kwafin kallo ne mai ƙaramin inganci da aka ajiye lokacin tashi, ba na katin memori ba. Wanda ya tace da shi zai ga bidiyonsa ya dagargaje a babban allo.

Uku suka rage, kuma a kansu aka daɗe.

DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design shi ne wanda kowa ke ba da shawara, kuma da hujja. Na kyautarsa ba ya manna tambari a aikin yau da kullum, yana fitar da har 4K a firam 60, kuma a fagen launi babu na kyauta da ya kama ƙafarsa. Amma kamfanin da kansa ya rubuta cewa a Windows ana buƙatar RAM gigabait 16, kuma manhajar ta dogara sosai da katin girafik. Ya kuma bayyana na kyautar a matsayin mai aiki da tsare-tsaren bit 8, ya bar bit 10 a jerin abubuwan Studio, wanda ake saya. A aikace, wasu fayilolin bit 10 na buɗewa a Windows, wasu kuma sai jan allo mai cewa Media Offline. A laftof ɗin nan guntun ya buɗe, amma yana cijewa duk bayan 'yan firam, kuma da aka shiga shafin Color aka ɗora LUT sai RAM ta cika, Windows ta koma aron wuri a SSD, komai ya tsaya.

Akwai hanyar zagaye: a mayar da fayilolin zuwa ProRes da manhaja irin Shutter Encoder, domin ProRes na ajiye kowane firam cikakke, kwamfuta ba ta shan wahalar lissafi. Lissafin wuri ne ya kashe wannan. ProRes 422 LT a 4K da firam 60 na cin sama da megabit 800 a daƙiƙa, kusan gigabait shida a minti. Ko an rage shi zuwa 1080p, gigabait ɗaya da rabi ne a minti, kuma an yi asarar damar zuƙo hoto. Ga mai gigabait 23, wannan ba mafita ba ce. A ganinmu, tura sabon shiga mai RAM 8 zuwa Resolve ba taimako ba ne. Zai ɗauka shi ne bai iya ba, alhali injin ne bai kai ba.

CapCut na kwamfuta, na kamfanin ByteDance, shi ya fi kowa sauƙi a ranar farko, kuma babu amfanin musun haka. An kunna furokzi a saitinsa, guntun ya tafi lafiya, LUT ya shiga, rubutu ya hau cikin minti biyu, sauya fasali daga kwance zuwa tsaye dannawa ɗaya ce. Abin da ya sa aka yi jinkiri a kansa uku ne. Iyakar da ke tsakanin na kyauta da na Pro tana matsawa daga sabuntawa zuwa sabuntawa, kuma idan aka yi amfani da abu ɗaya mai alamar Pro, manhajar ba za ta bari a fitar ba sai an cire shi ko an biya. Kiɗan da ke cikin rumbunsa ba duka aka halatta wa aikin kasuwanci ba, kuma wannan aikin na kasuwanci ne. Na uku, ginin mallakar wani ne, kuma manhajar na jan mutum zuwa buɗe asusu da ajiye aiki a rumbunta na intanet, wanda ke da sharuɗɗan da ya kamata a karanta kafin a ɗora hoton dukiyar wani. Ga mai ɗaukar bidiyon yawon shaƙatawa domin shafinsa, CapCut ya isa har ya yi yawa. Ga aikin da za a maimaita wata goma sha biyu da tsari ɗaya, waɗannan ukun na da nauyi.

Shotcut ba shi da kyan fuska. Kyauta ne gaba ɗaya, lambobinsa a buɗe suke ga kowa, ba ya neman asusu, ba ya manna tambari, ba shi da sashen biya. An gina shi a kan FFmpeg, wata manhajar karanta fayilolin bidiyo da sauya su, saboda haka kusan babu fayil ɗin da ba ya buɗewa. Da aka saka guntun kai tsaye, ya sarƙe fiye da yadda ya yi a CapCut. Da aka kunna furokzi, ya tafi sumul. Ranar farko tana da ɗaci, domin babu abin da yake yi maka sai ka ce, amma abubuwan da wannan aikin ke buƙata ba su wuce bakwai ba, kuma suna nan inda suke. Shi aka zaɓa, aka bar CapCut a matsayin na ko-ta-kwana, Resolve kuma sai ranar da aka ƙara RAM ko aka sauya kwamfuta.

Yadda aikin ya gudana

Kafin a buɗe Shotcut an fara rage kaya. Kashi biyu cikin uku na ɗanyen bidiyon jirgi tashi ne da sauka da juye-juyen neman kusurwa. An kwafe duka fayilolin zuwa ma'ajiyar waje domin ajiya, sannan aka yi amfani da LosslessCut, wata ƙaramar manhaja kyauta da ke yanke bidiyo ba tare da ta sake matse shi ba. Tun da kwafa kawai take yi, yankan na ɗaukar daƙiƙoƙi, ingancin kuma ba ya raguwa. Tana yanka ne a kan cikakken firam mafi kusa, don haka an bar rarar daƙiƙa biyu a farko da ƙarshen kowane guntu. Minti 48 suka koma 14, gigabait 47 suka koma ƙasa da 14, aka goge sauran daga laftof ɗin. Wannan matakin kaɗai ya rage lokacin yin furokzi da fiye da kashi biyu cikin uku.

A Shotcut abu na farko shi ne Video Mode, a ƙarƙashin Settings. Idan aka bar shi a Automatic, manhajar za ta ɗauki siffar guntun farko, aikin ya zama 4K mai firam 60, kuma an jawo wa kai nauyin da ba a buƙata. An zaɓi HD 1080p 29.97 fps. Dalilin 29.97 maimakon 30 shi ne abin da jirgin ke kira 60 a zahiri 59.94 ne, kuma rabinsa daidai 29.97. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne zaɓar 25 ko 24 a bar guntun a saurinsa: 60 ba ya rabuwa daidai da 25, manhajar za ta riƙa zubar da firam ba bisa ƙa'ida ba, kuma a duk inda jirgin ke tafiya a miƙe za a ga hoton na ɗingishi. Wannan saitin a farko ake yinsa. Sauya shi bayan an jera guntaye na jirkita wuraren yanka, a Resolve ma kulle shi ake yi gaba ɗaya.

Sai Preview Scaling, aka sa shi a 540p, sannan Proxy, aka danna Use Proxy. Daga nan duk guntun da aka shigar, manhajar na yi masa ƙaramin kwafi, ana ganin ci gabansa a sashen Jobs. A jona caja a bar kwamfutar ta gama kafin a taɓa komai. Laftof a kan batir na rage ƙarfin furosesa, aikin ya ninka tsawo. Wasu jiragen DJI na ajiye wani fayil mai ƙarewa da .LRF kusa da kowane bidiyo, wanda shi ma ƙaramin kwafi ne, kuma idan aka sauya ƙarshensa zuwa .mp4 yana buɗewa. Yana da amfani wajen duba abin da aka ɗauka da sauri, amma kada a kuskura a tace da shi a fitar.

An jera guntaye kusan talatin a layi na farko, kowanne daƙiƙa huɗu zuwa shida. Yawancinsu an rage saurinsu zuwa 0.5 a sashen Properties. Da haka kowane firam da aka ɗauka na samun gurbinsa, tafiyar ta zama ta hawainiya mai santsi, ƙananan girgizar hannu a kan sandar tuƙi kuma suka ɓace. Wannan ce riba ɗaya tak da ɗauka a firam 60 ta kawo. Inda akwai ma'aikata na tafiya ko mota na juyawa an bar saurin asali, domin mutum a rabin sauri na jan ido daga ginin.

LUT ɗin ba a ɗora shi guntu-guntu ba. An danna kan layin daga hagu, aka ƙara tacen LUT (3D) sau ɗaya, ya hau kan duk abin da ke layin. Wannan na da fa'ida ta biyu: Shotcut na fara aiki da gyaran da ke kan guntu kafin na kan layi. Saboda haka idan wani guntu ya yi duhu, aka ƙara masa haske a kansa, gyaran na faruwa ne kafin LUT, lokacin da bayanin D-Log M ke nan cikakke. Idan aka juya tsarin, LUT ya riga ya ƙone farin rufin kwano, kuma babu abin da zai dawo da shi. Rubutun wata da sunan sashe an sa su a layi na biyu, domin kada LUT ya taɓa launinsu.

A nan aka yi kuskuren da ya ci awa guda. Fayil ɗin farko da aka sauke na D-Log ne, ba na D-Log M ba. Sunayen sun yi kama amma lanƙwasar haskensu daban ce: D-Log ya fi dushewa, don haka LUT ɗinsa na matsawa da ƙarfi. A kan D-Log M sai inuwar ƙarƙashin bene ta zama baƙi ƙirin, jan bulo ya koma kamar wuta. Alamar ke nan. Idan an ɗora LUT hoto ya yi tsananin da ido bai gani ba a wurin, a fara duba sunan fayil ɗin kafin a fara murɗa maɓallai.

Guntaye huɗu sun fito da sararin sama a karkace, abin da ke faruwa idan iska ta bugi jirgi daga gefe ko gimbal, wato mariƙin da ke daidaita kyamara, na son saiti. An miƙe su da tacen Size, Position & Rotate. Juya hoto da digiri ɗaya na buƙatar zuƙowa kimanin kashi 3 cikin ɗari domin kada baƙaƙen kusurwoyi su bayyana, digiri biyu kuma kashi 6. A nan 4K ya biya kuɗinsa: tun da aikin 1080p ne, ana iya zuƙowa har ninki biyu ba tare da hoton ya yi laushi ba. Haka ma bidiyon tsaye. An buɗe sabon aiki a 1080 da 1920, kuma yankin tsaye da aka ciro daga firam na 4K fiksel 1215 ne da 2160, ya wuce abin da ake buƙata.

Akwai abin da babu manhajar da ta gyara. Tashi na biyu da tsakar rana aka yi shi, ba tare da gilashin ND ba, wato gilashi mai duhu da ake ɗaura wa kyamara don rage haske. Ƙofar hasken kyamarar wannan jirgin a kafe take a f/1.7, don haka hanyar da ta rage mata ta rage haske ita ce saurin shata, wato gajarta lokacin da kowane firam ke karɓar haske, har ya yi ƙasa da 1/2000 na daƙiƙa. Kowane firam ya fito da kaifi kamar hoton tsaye, babu ɗan shafewar motsi da ke haɗa firam da firam a ido. Inda jirgin ya juya da sauri, ginshiƙan ginin na tsalle-tsalle. Rage sauri zuwa rabi ya sassauta abin, amma guntaye biyu dole aka zubar da su. Ƙa'idar ita ce shata ya zama ninki biyu na yawan firam, 1/60 ga firam 30, 1/120 ga 60, kuma da rana ba a samun haka sai da ND, galibi ND16 zuwa ND64 gwargwadon ƙarfin hasken.

Wajen fitarwa an zaɓi tsarin matsewa na H.264 a cikin MP4, domin babu waya ko kwamfutar da ba ta buɗe shi. A ƙarƙashin Advanced, a Codec, an sa matsakaicin gudun bayanai a megabit 20. YouTube na ba da shawarar megabit 8 ga 1080p mai firam 30, amma bidiyon sama mai tsakuwa da ganye na narkewa a wannan adadin, ya zama kamar an shafa masa laka. Daƙiƙa 150 a megabit 20 na ba da fayil mai kimanin megabait 375. Shotcut na komawa ga fayilolin asali da kansa lokacin fitarwa, sai dai in an danna akwatin da ke cewa a yi amfani da Preview Scaling, wanda na gwaji ne kawai. Fitarwar ta yi jinkiri, domin a nan ne ake warware 4K ɗin na gaske, kuma ba laifi ba ne a bar ta ta yi ta tafiya da caja a jone. Da ta gama an duba sararin sama a cikakken allo, domin idan aka miƙe launin D-Log M a cikin bit 8, shuɗin sama na iya fitowa hawa-hawa kamar matakala maimakon ya narke. Ya ɗan bayyana a guntu ɗaya inda aka ƙara ƙarfin launi bayan LUT, aka rage, ya tafi. An tura wa mai ginin fayil ɗin a matsayin takarda, ba a matsayin bidiyo ba, domin manhajojin aika saƙo irin WhatsApp na sake matse bidiyo su lalata shi.

Gyara mafi girma a jirgin aka yi shi, kafin tashin wata na biyu. An mayar da launi zuwa Normal, tsarin matsewa zuwa H.264, firam zuwa 30, an bar 4K saboda zuƙowa da yankan tsaye. An ɗaura ND, an kafe shata a 1/60, an kafe ma'aunin farin launi da hannu domin kada siminti ya riƙa sauya kala a tsakiyar guntu. An kuma rubuta kusurwoyi shida da tsayin kowanne, domin a riƙa tsayawa wuri ɗaya duk wata. Gini da rana ba ya buƙatar faɗin hasken D-Log M kamar faɗuwar rana, kuma da launin Normal babu LUT, babu haɗarin ɗora wanda ba shi ba. A Shotcut an buɗe aikin watan farko, aka ajiye shi da sabon suna, aka cire tacen LUT daga kan layin, aka maye gurbin guntayen, aka sauya sunan wata a layi na biyu. Da irin waɗannan fayilolin masu bit 8, Resolve na kyauta ma zai buɗe su ba gardama ranar da RAM ta kai 16.